Ƙiba ta shigo ƙauye: samun kuɗi ne ya kawo ta ko rashinsu?

Jami'ar Lafiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna a wurin aiki. Da can in an ce ƙaramin asibitin karkara, abin da aka sani shi ne yaro mai tamowa, mai ciki da jininta ya yi ƙasa, sai zazzaɓi. Waɗannan suna nan ba su tafi ba, amma yanzu an ƙara mana da wasu: mata 'yan shekara talatin da 'yan kai da jiki ya yi wa nauyi, gwiwa na ciwo, jini ya hau, in an gwada suga a same shi sama. Abin da ya fi tsaya mini a rai, sau da yawa uwar da ƙibarta ta wuce kima ita ce ke goye da yaron da ya tsumbure, kuma tukunya ɗaya suke ci. Masu hali na zuwa, marasa hali ma na zuwa. To samun kuɗi ne ke kawo ƙiba a ƙauye, ko rashinsu?

Dattijo Manomi:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi mini uzuri, ni dai ina ganin wannan ciwon mutanen birni ne. Mutumin karkara yunwa ce abokiyar gabarsa. Wanda ya wuni a sunkuye a gona ina zai sami kitsen da zai tara? In kuma mace ta yi jiki bayan shekarun wahala, godiya ya kamata a yi wa Allah, ba a sa mata sunan cuta ba.

Malamin Tattalin Arziki:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi ne abin da masana da kansu suka daɗe suna zato, har sai da aka tsaya aka ƙirga. A shekarar 2019 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani babban nazari ƙarƙashin jagorancin Farfesa Majid Ezzati na Kwalejin Imperial da ke Landan. Sun tattara awon nauyi da tsawo na manya sama da miliyan 112 daga ƙasashen duniya, daga 1985 zuwa 2017. A tsawon wannan lokaci, matsakaicin mutum ya ƙara kilo 5 zuwa 6. Kuma fiye da kashi 55 cikin 100 na wannan ƙarin daga karkara ya fito, ba daga birni ba. A wasu yankuna masu ƙarancin arziki ma ya haura kashi 80.

Amma akwai inda maganarka ke nan daram, kuma ba zan ɓoye ba: a Afirka kudu da Sahara, matan birni ne suka fi saurin ƙara nauyi a kan na ƙauye. Sai dai hanyar da Latin Amurka da gabashin Asiya suka bi ta nuna inda aka dosa. Tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye raguwa take yi, kuma ƙauyen ne ke rufe ta.

Dattijo Manomi:
To Malam, da wane ma'auni ake cewa wane ya yi ƙiba? Don wani haka Allah ya halicce shi, ƙashinsa mai nauyi ne.

Jami'ar Lafiya:
Baba, nauyin mutum ake ɗauka a kilo, a raba da tsawonsa a mita, a sake rabawa da tsawon. Shi ne ake kira BMI. In ya kai 25 nauyi ya fara wuce kima, in ya kai 30 ƙiba ce. Misali mace mai tsawon mita 1.6, in ta kai kilo 77 ta shiga 30. Gaskiya ne ma'aunin ba ya bambanta tsoka da kitse, shi ya sa muke haɗawa da awon ƙugu. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba, sama da mutum biliyan ɗaya ke nan.

Mai Motsa Jiki:
Ni fa ban ga abin dogon bayani ba a nan. Babu wanda ake ɗura wa abinci dole. Ka rage ci, ka motsa jiki, shi ke nan. Talaka ko mai kuɗi, bakinka a jikinka yake. Mun cika son ɗora wa talauci laifin komai.

Uwar Huɗu:
Ƙanena, da alama ba kai ke yin cefane a gidanku ba. Bari in gaya maka yadda lissafin yake a hannun uwa. Kuɗin da ke hannuna ƙayyadaddu ne, bakuna shida ne za su ci. Abin da nake fara tambayar kaina shi ne me zai sa yaran nan su kwanta ba su yi kukan yunwa ba. In na sayi ƙwai da kifi da 'ya'yan itace, kuɗin sun ƙare, kowa ya ɗanɗana, babu wanda ya ƙoshi. In na sayi farar shinkafa ko taliya, na zuba mai da yawa, na sa ɗanɗano, tukunya ta cika, kowa ya tashi yana hamdala. Wanne za ka zaɓa in kai ne?

Sannan akwai abin da maza ba sa gani. In an sami ɗan nama ko ƙwai, maigida da yara ake fara ba. Uwa ita ce ta ƙarshe, abin da ya rage mata shi ne tsabar hatsin da man da ya kwanta a ƙasan tukunya. Da rana ta jiƙa shayi ta cika sukari ta haɗa da biredi don ta sami ƙarfin aiki. Shekara goma a haka, ga ta da jiki, amma jininta bai kai ba. Kada ka ce mata kwaɗayi ne.

Malamin Tattalin Arziki:
Hajiya ta gama magana, ni alƙaluma kawai zan ƙara. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na lissafa kuɗin abinci mai lafiya, wato wanda ya haɗa hatsi, kayan lambu, 'ya'yan itace, dangin wake da abin da ke fitowa daga dabba, a mafi arahar da za a samu. A rahotonta na 2023 ta ce sama da mutum biliyan 3.1 ba su da halin sayen irin wannan abinci a 2021, wato kashi 42 cikin 100 na mutanen duniya.

Ƙarfin da ke cikin abinci kuwa, wanda ake aunawa da kalori, shi ne ya yi araha. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko sukari 4. Babban cokali ɗaya na man girki kusan kalori 120 ne, za ka cinye kwano guda na ganye ba ka kai haka ba. Kuma a cikin shekaru hamsin da suka wuce an yi ambaliyar man girki a kasuwar duniya, musamman man kwakwar manja da Indunusiya da Maleshiya ke samar da mafi yawansa, da man waken soya. Don haka kuɗin farko da suka shigo gidan talaka, mai da sukari da fulawa suke fara saya, saboda su ne hannu ke iya kaiwa. Farfesa Barry Popkin na Jami'ar North Carolina tun farkon shekarun 1990 yake bayanin wannan sauyin cima, kuma ƙasa bayan ƙasa sai bin sawun take yi.

Mai Motsa Jiki:
Na ji, Malam, amma ai mutumin ƙauye manomi ne. Me ya haɗa shi da tsadar kasuwa? Ya shuka ya ci mana.

Ɗan Kasuwa:
Wannan tambaya tawa ce, tunda sana'ata ke nan, kai kaya shagunan karkara. Ɗan'uwa, manomin yau mai saye ne. Da an yi girbi yake sayar da mafi kyawun abin da ya noma, wake, gyaɗa, ƙwai, kaji, madara, don kuɗin makaranta da magani da bashin taki ba sa jira. Da kuɗin ya dawo shago ya sayi abin da ke kan kanta.

Me ke kan kanta? Abin da mota za ta iya kaiwa bai lalace ba. Katan ɗin biskit zai yi watanni a shago cikin zafi, ba abin da zai same shi. Lemon kwalba haka, taliyar leda haka, alewa haka. Kwandon tumatir kuwa, ka ɗora shi a mota a hanya mai gargada, kafin ka isa na ƙasa sun fashe, ruwa na zuba, ƙuda sun taru, kwana biyu ragowar sun ruɓe, ba wuta balle firiji. Asarar a kaina take. Su kuma kamfanoni sun iya ciniki: suna ƙulla komai a 'yar ƙaramar leda daidai canjin da ke hannun yaro, su ba mai shago kaya bashi, wani lokaci har da firiji, da sharaɗin kayansu kaɗai za a sa. Mai sayar da alayyaho wa zai ba shi firiji? Ba na jin daɗin faɗa, amma in an gyara hanya zuwa ƙauye, kayan zaƙi ne ke riga komai isa.

Malamin Tattalin Arziki:
Alhaji, rahoton 2023 ɗin nan da na ambata ya gaskata ka. An duba ƙasashe 11 na Afirka, aka ga ko a gidajen karkara fiye da rabin abincin da ake ci saye ake yi, kuma abincin da aka sarrafa a masana'anta ya riga ya kai can.

Ɗalibar Likitanci:
Ina neman izinin manya in koma kan abin da Anti ta fara da shi, uwa mai ƙiba da yaro tsumburarre, don ina ganin nan ne zuciyar maganar. Mutane na ɗauka abubuwa biyu ne masu karo da juna, alhali tushensu ɗaya: abincin da ke cika ciki amma babu sinadaran gina jiki a cikinsa. Yaron da ke girma yana buƙatar furotin, sinadarin ƙarfe, zinki da bitamin A. In bai samu ba tsawonsa ya tsaya. Babba kuwa ya gama tsawo, rarar kalorin sai ta zama kitse, ko da jininsa na ƙasa. A 2022 yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya, miliyan 37 kuma nauyinsu ya wuce kima.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yunwar ƙuruciya na share wa ƙibar girma hanya. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Daga baya aka duba samari kusan 300,000 da suka zo awon shiga soja, aka ga waɗanda iyayensu mata suka sha yunwar a farkon rabin cikinsu sun fi sauran yawan ƙiba. An wallafa wannan a 1976. Jikin da aka gina cikin rashi yana koyon tattali, in wadata ta zo sai ya dinga ajiya, musamman a ciki, kuma ciwon suga da hawan jini sun fi saurin kama shi. To ku duba ƙauyukan duniya: mutanen da aka haifa cikin ƙarancin abinci su ne yau mai da sukari suka iske. Baba, matar da ka ce ta yi jiki bayan wahala, wahalar ce ta sa jikin ya fi zama mata haɗari.

Dattijo Manomi:
Jikata, wannan ta shige ni, Allah ya yi miki albarka. Amma bari in kawo nawa. Ni ina ganin aiki ne ya ragu. Da mace kan yi tafiya mai nisa ɗebo ruwa, ta yi niƙa da hannu, namiji ya taka da ƙafa zuwa gona da kasuwa. Yanzu ga injin niƙa, ga famfo, ga babur, ga maganin feshi maimakon noman hannu. Kuma kada wani ya ce a koma da. Na ga yadda ɗaukar ruwa ya lanƙwasa bayan iyayenmu mata, ba na yi wa kowa fatan haka.

Ɗalibar Likitanci:
Amin Baba. Raguwar aiki na da nata kaso, an gani a ƙasar Sin cewa mazan da gidansu ya sami abin hawa mai inji sun fi saurin ƙara nauyi. Sai dai abin da ke shiga baki ya fi nauyi a sikeli. Wani masani, Herman Pontzer, ya auna ƙarfin da 'yan ƙabilar Hadza ta Tanzaniya ke ƙonawa a rana. Mutane ne mafarauta da ke wuni suna tafiya, amma a sakamakon da ya fitar a 2012, in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa bai yi nisa da na mutanen Turai da Amurka ba. Motsa jiki na kare zuciya, yana rage haɗarin suga, ba mai musu. Amma ba ya goge abin da aka sha.

Yaya Mai Motsa Jiki, ga wanda ya shafi maganarka ta rage ci. A wani binciken da aka wallafa a 2019, Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya ajiye mutum 20 a ɗakin bincike. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu abincin da ba a sarrafa sosai ba, an daidaita sukari da mai da ke cikin abin da aka ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kusan kalori 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka rage kusan haka. Mutanen ba su canza ba, abincin ne ya canza.

Mai Motsa Jiki:
Na karɓi wannan, amma ban janye gaba ɗaya ba. Lemon kwalba ba ya maganin yunwa, kuma ba kyauta ake ba da shi ba. Gwangwani ɗaya kan ɗauki sukari har ƙaramin cokali goma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kusan cokali 12 a yini, in so samu ne ma 6. Wanda ya iya sayen lemo kullum zai iya sayen ƙwai. A nan dai akwai zaɓi.

Uwar Huɗu:
A kan lemo na yarda da kai. Sai dai ka sani, uwar da ba ta iya saya wa ɗanta takalmi ko keke ba, abin da take iya cewa "to" a kai shi ne alewa da lemo. Shi ne ɗan farin cikin da kuɗinta ke kaiwa. Ban ce daidai ne ba, amma wanda zai yi mata wa'azi ya fara sanin haka.

Jami'ar Lafiya:
Malam, har yanzu ina jiran amsar tambayata kai tsaye. Samu ne ko rashi?

Malamin Tattalin Arziki:
Malama, duka biyun, amma bi da bi. A ƙasa mai tsananin talauci, masu hali ne ke fara ƙiba, don su ke da rarar abinci da hutun jiki. Da arzikin ƙasa ya ɗan ɗaga, sai abin ya juya. Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo a Birazil da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa a wajen mata, juyawar kan faru ne idan kuɗin shigar ƙasa ya kai kimanin dala 2,500 ga kowane mutum a shekara. Daga nan ƙiba ke komawa kan marasa hali da masu ƙarancin ilimi, masu kuɗi kuma su koma sayen kifi da ganye da 'ya'yan itace, suna zuwa awo asibiti. Wuri mafi haɗari shi ne tsakiya: gidan da ya fita daga yunwa amma bai kai ga abinci mai kyau ba. Ƙauyuka da yawa yau a nan suke, shi ya sa kike ganin kowa a layinki.

Meksiko ta ba da misali ƙarara. A 1997 ta fara shirin Progresa, wanda daga baya aka kira Oportunidades, ana ba iyaye mata na karkara kuɗi da sharaɗin kai yara makaranta da asibiti. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna a gidajen da suka fi karɓar kuɗi, yara sun fi tsawo, tsumburewa ta ragu. Amma a manya, yawan kuɗin ya zo tare da ƙarin nauyi da hawan jini.

Dattijo Manomi:
Malam, ina fatan ba cewa kake a bar talaka da talaucinsa don kada ya yi teɓa ba.

Malamin Tattalin Arziki:
Allah ya kiyaye, Baba. Kuɗin sun yi aikinsu, yara sun girma. Abin da nake cewa, in ka ba mutum kuɗi ka tura shi kasuwar da babu komai sai mai da sukari, abin da zai sayo ke nan. Dole a taɓa kasuwar ita ma. Meksikon ta sa harajin peso ɗaya, wato kuɗin ƙasarsu, a kan kowace lita ta lemon zaƙi daga farkon 2014. Saye ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, ya ƙara raguwa a ta biyu, kuma gidajen talakawa ne suka fi ragewa. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2018.

Ɗan Kasuwa:
A nan zan saɓa maka, Malam. Haraji aljihun talaka yake fara taɓawa. Ka tsadar masa da lemo, ba ka arahar masa da ƙwai ba, me ka yi masa? Kuma ƙaramar ƙasa ba kullum take da ikon hana kaya shigowa ba. Samowa, wata ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tekun Fasifik, ta hana shigo da gindin talotalo mai kitse a 2007 saboda ƙiba ta yi wa mutanenta yawa, amma da ta zo shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012, sai da ta yarda ta ɗage hanin. Ni in ana so in kai kayan lambu da kifi ƙauye, a ba ni ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a kasuwa, a gyara hanya. Ba na ƙin riba, asara nake gudu.

Malamin Tattalin Arziki:
Alhaji, talakan da ka ce haraji zai taɓa, shi ne kuma ciwon suga ke fi talautawa, don magani ne na har abada kuma daga aljihunsa. Ƙididdigar 2021 ta nuna manya miliyan 537 ke da ciwon, uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kusan rabi ba su ma san suna da shi ba. Ɗakin sanyin da kake nema kuwa da kuɗi ake gina shi. In da kuɗin harajin lemo za su tafi can da ciyar da 'yan makaranta abinci mai kyau, da ni da kai ba mu da saɓani.

Ɗan Kasuwa:
In sun tafi can. Sai na gani da idona.

Uwar Huɗu:
Kafin gwamnatoci su gama shawara, ni ga abin da na ga yana yiwuwa a gida. Wake da danginsa sun fi nama araha nesa ba kusa ba, kuma suna riƙe ciki. In an yi girbi, a ware na ci kafin a kai kasuwa. Ganye in ya yi yawa a lokacinsa a shanya a inuwa a adana. Mai kuma a daina tuttulawa daga galan, a auna da cokali, nan take za ki ga bambanci har a kuɗin cefane. Anti, mu da ba mu da sikeli a gida, ta yaya mace za ta san ta shiga haɗari?

Jami'ar Lafiya:
Hajiya, da zare kawai. Ki tsaya a miƙe, a auna zaren daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a yanke. Ki ninka shi biyu, ki zagaya da shi a ciki, tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, ba tare da kin shanye ciki ba. In bakin zaren biyu sun haɗu, da sauƙi. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, a je a gwada jini da suga ko da ba a jin ciwon komai. Maza ma haka, har waɗanda hannu da ƙafarsu sirara ne amma ciki ya fito. Mai juna biyu kuwa wannan awon bai shafe ta ba.

Dattijo Manomi:
Zan gwada, kuma zan sa 'ya'yana su gwada. Alhaji, in ka tashi zancen ɗakin sanyin nan da gaske, ka haɗa da manoma, don tumatirin da ke ruɓe maka a mota, rabinsa tun a gona muke asararsa.